Ikilima da Takardar Daktora Ruba

A unguwar Bani Malik da ke Jidda, duk matar da yajinta ya ƙare ta san hanyar gidan Ikilima. Gini ne mai hawa huɗu a bayan wani shagon gyaran firji, ba shi da asansir, na'urar hawa bene, kuma shekara ashirin da shida ɗakinta yana can sama kusa da rufi. Ita ta zaɓi wurin da kanta. Mijinta Maman Lawali ya so su kama na ƙasa, ta tambaye shi ko a kan titi yake so ta riƙa shanya kuɓewa.

'Yar Tasawa ce, a ƙasar Nijar. Ta zo Jidda tana da shekara ashirin da biyu, ta tarar mijin ya shekara uku yana aikin walda a wani gareji a Sharafiyya. Ya koyi Larabcin da zai ishe shi musu da abokan aiki, amma ko shayi bai iya dafawa ba. Ita ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Allo ta yi, ta haddace surorin da take salla da su har yau. Abin da ta zo da shi daga gida biyu ne, hannun daka da Hausar kakarta.

Kakar ce ta rene ta, tsohuwar da ba ta yarda a kira abu da sunan da ba nasa ba, kuma Ikilima ta ɗauko halin kaf. Idan mace ta zo sayen kuka ko daddawa ta ce cikinta na ciwo, sai ta tsare ta da tambaya: murɗawa yake yi, ko kumburi ne, ko zafi ke tasowa zuwa maƙogwaro? Mata sukan ce mai zuwa wurin Ikilima ta shirya amsa tun daga ƙasa. Duk da haka ba su daina hawa ba, don yajinta ba ya canza ɗanɗano, kuma wadda ta hau da damuwa ba ta sauka sai an ba ta shayi an saurare ta.

Ta haifi uku. Mazan biyu aiki ya kai su Yanbu da Riyad. Autar, Wafa', tana gida, tana aiki a shagon sayar da tabarau. A Jidda aka haife ta, tana jin Hausa tsaf, amma in za ta mayar sai magana ta fara da Hausa ta ƙare da Larabci. Uwar ta yi gyara har ta gaji, daga baya ta haƙura tana amsa mata da Hausa zalla, kowa da nasa.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Tana da shekara hamsin da ɗaya ta lura hawa huɗun nan sun ƙara tsawo. Ta fara tsayawa a hawa na uku kamar tana gyara takalmi. Bayan wata biyu ta koma tsayawa a na biyu, kuma don kada a gane, sai ta ƙwanƙwasa ƙofar wata 'yar Yaman da ke can, da ba su taɓa wuce gaisuwa ba, ta shiga ta zauna. Haka suka zama ƙawaye, matar ba ta san kujerarta aka zo nema ba sai bayan shekaru, da Ikilima ta faɗa mata da bakinta suka yi ta dariya. Wani ƙaramin asibiti ya ce asma ce, aka ba ta abin shaƙa, bai yi komai ba. Wata rana bayan la'asar, tana ɗauke da kwanon kuɓewa za ta kai rufi, idonta ya yi duhu ta zube a kan matakala. Wafa' ce ta same ta leɓɓanta sun sauya launi.

A babban asibitin da aka kai ta aka yi gwaji iri-iri, har aka zura siririn bututu ta jijiyar wuyanta zuwa zuciya. Likitar da ta karɓe ta, Daktora Ruba, 'yar Jidda ce, doguwa, mai magana a hankali. Ta zana mata a takarda: ga zuciya, ga huhu, ga jijiyoyin da ke kai jini daga wannan zuwa wancan. Jijiyoyin ne suka matse, zuciya tana turawa da ƙyar. Hawan jini ne, amma ba wanda ake aunawa a dantse ba, na huhu ne. Ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani. Ikilima ta tambaya ko daka ne ya jawo, aka ce a'a. Ta ce to shi ke nan, don da an ce daka ne da ta ji haushin turminta.

Dole aka sauko ƙasa. Maman Lawali ya yi magana da mai gidan, aka ba su ɗaki kusa da ƙofar shiga, aka kawo na'urar iska da ke gurnani a kusurwa kamar tsohon firji. Injin niƙa ya maye gurbin turmi, abin da ta yi shekaru tana kushewa a gidajen wasu. Shanya kuwa ta koma hannun Maman Lawali, wanda lokacin ƙarfinsa ya ragu, rabin yini kawai yake yi a gareji. Da safe zai ɗauki kwano ya hau, ita tana ƙasa da waya a kunne tana ba shi umarni, ta ce ya baza sosai kada ya tara wuri ɗaya, ta ce ya ɗaga wayar ta gani. Maƙwabta suka saba da ganin dattijo mai furfura a kan rufi yana nuna wa waya barkono.

Duk wata uku tana zuwa asibiti. A can akwai doguwar baranda da aka yi wa alama, mara lafiya yakan yi tafiyar minti shida a auna nisan da ya kai. Akwai kuma wata takardar tambayoyi da ake ba masu irin ciwon, wadda ba ta auna jini ko bugun zuciya, sai yadda ciwon ya taɓa zaman mutum: me yake iya yi, me ya bari, yaya yake ji a ransa. Da Turanci aka fara rubuta ta, daga maganganun marasa lafiya. Daktora Ruba ta san takardar tun tana karatu a Sifaniya, don a gabanta aka mayar da ita Sifaniyanci, tana ƙaramar likita tana ɗaukar bayani a gefe. Da ta dawo gida ta sami ta Larabci tana aiki da ita. Sai dai tana da marasa lafiya masu jin Hausa sun fi talatin, daga Nijar da Chadi da Najeriya, mafi yawansu mata, kuma Larabcinsu na kasuwa ne, na takardar kuwa na littafi. Ta rubuta wa masu takardar ta nemi izinin mayar da ita Hausa, suka yarda, da sharaɗin ba za a ƙara tambaya ba, ba za a rage ba, kuma ma'ana ba za ta yi nauyi ko sauƙi fiye da ta asali ba.

Malam Mahadi ne ya jagoranci fassarar farko, mutumin Damagaram da ya yi karatu a Madina, yana aikin tafinta a wani ofishin hidimar alhazai. Mutum ne mai tsafta da kunya, ya yi aikin da zuciya ɗaya. Da aka gama, aka fara gwadawa a kan marasa lafiya, kuma Ikilima ce ta huɗu. Aka zaunar da ita a wani ƙaramin ɗaki, Wafa' tana gefe, Daktora tana bayan tebur, Malam Mahadi yana karantawa. Ya ce abin da za ta yi kawai ta ce haka ne, ko ba haka ba ne.

Ya karanta: "Ina fuskantar ƙarancin numfashi yayin gudanar da ayyukana na yau da kullum."

Ta ce Alhamdu lillahi. Ya tambaya wato ba haka ba ne, ta ce da sauƙi. Ya sa alama a kan ba haka ba ne. Haka suka bi takardar har ƙarshe, tana godiya yana sa alama. Da Daktora ta haɗa amsoshin sai ta ajiye takardar kusa da ta tafiyar baranda. A ranar Ikilima ta tsaya sau uku cikin minti shida, an kawo mata kujera. Daktora ta ce, ta bakin Wafa', bisa wannan takarda Khala Ikilima, wato Gwaggo Ikilima, ta fi ita Daktorar lafiya, kuma ukun da suka riga ta su ma haka suka fito. Ta roƙe ta ta faɗa mata inda matsalar take.

Ikilima ta dubi Malam Mahadi tukuna, ta ba shi haƙuri, ta ce ba raini ba ne. Sannan ta juya wurin 'yarta.

"Faɗa mata wannan Hausar rediyo ce. Ni ban taɓa fuskantar numfashi ba, haki nake yi. Kuma namiji baƙo ya zauna ya tambaye ni yaya jiki, gaban 'yata, me zan ce in ba godiya ba? Gaisuwa ya yi mini, na amsa gaisuwa."

Malam Mahadi ya sunkuyar da kai. Daktora kuwa murmushi ta yi. Ta ce a Sifaniya ma haka ta faru, malamai sun gama fassararsu, wani direban bas da aka gayyato ya ce a layinsu ba wanda ke magana haka, sai da aka sake rabin takardar. Ta ce dama tsarin aikin ya tanadi zama na biyu, na mutanen gari waɗanda ba su yi dogon karatu ba, su tace maganar. Ta tambaya ko Khala za ta shiga. Ikilima ta ce ita ba ta iya karatu ba. Daktora ta ce masu karatu sun riga sun yi nasu.

Aka riƙa zama duk Asabar da hantsi, su shida da Malam Mahadi, har wata biyu. Maman Lawali yakan kawo ta a tasi, ya zauna a waje riƙe da ƙaramar tukunyar iskarta ta tafiya. Tun zaman farko ta kawo wa kowa ƙullin yaji, har da Daktora, wadda ta gwada a kan kifi ta dawo tana ba da labarin hawaye.

Aikin ya yi mata daɗi fiye da yadda ta zata. Ta raba musu haki da sarƙewar numfashi, ta ce haki na wanda ya motsa ne, sarƙewa kuwa tana iya samun mutum yana kwance. Ta raba gajiya da kasala da mutuwar jiki: gajiya hutu ke maganinta, kasala ta rai ce, amma abin da wannan ciwo ke kawowa shi ne mutum ya tashi daga barci jikinsa a mace kamar ya yini yana aiki. Inda Malam Mahadi ya rubuta harkokin zamantakewa, ta ce a sa biki da suna da gaisuwar mutuwa, don su ne mace ke jin ciwon rashin zuwa. Kan matakala an yi gardama mai tsawo. 'Yan Najeriya suka ce hawan bene, haifaffun Jidda suka ce su daraj suka sani, wata 'yar Chadi ta ce ita duka biyun tana ji. Aka bar su tare a jimla ɗaya.

Ba kullum take cin nasara ba. Akwai tambayar da ta mayar "nakan ji kamar numfashina zai ɗauke," kowa ya yaba, amma Malam Mahadi ya duba asalin ya ce ta yi tsanani, Baturen bai kai nan ba, wanda ciwonsa bai yi nisa ba zai ce a'a alhali ya kamata ya ce e. Ta yi musu, ya tsaya a kan bakansa cikin ladabi. Mako na gaba ta shigo ta ce ta kwana da maganar, Malam ya fi ta gaskiya. Tun daga ranar ta daina ce masa Malam Mahadi, sai ɗana, shi kuma ya koma ce mata Inna.

Wadda ta fi yi mata zafi ita ce ta salla. Ta ce takardar ta tambayi wanka, ta tambayi sa tufafi, ta tambayi ɗaukar kaya, amma ba ta tambayi sujada ba, alhali ita ranar da ta fara salla a kan kujera ta fi ranar da ta faɗi ciwo a ranta. Daktora ta rubuta wa masu takardar, suka amsa da girmamawa cewa ba za a ƙara ba, don ana kwatanta amsoshin ƙasa da ƙasa, dole tambayoyin su zama ɗaya. Ikilima ta yi fushi na zama guda, ta ce wa Wafa' ta faɗa wa Daktora takardar tana da rami. Daktora ba ta musa ba. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta tambayar a wata 'yar takarda ta manna a gefen kwamfutarta, ta ce wannan ita za ta riƙa yi da bakinta. Abin da masu takardar suka yarda da shi kuwa shi ne gabatarwar da Ikilima ta tsara, wadda ake karantawa kafin a fara: "Mun san kana gode wa Allah a kowane hali, mu ma muna taya ka. Wannan ba gaisuwa ba ce. Maganganu ne da wasu masu irin ciwonka suka faɗa a kan kansu. In kai ma haka kake ji, ka ce haka ne, don likita ta san yadda za ta taimake ka."

Tambaya ɗaya ta rage da ta gagari kowa. Malam Mahadi ya fassara ta da "na zama nauyi a kan iyalina." Ikilima ta ce babu mai amsa wannan da e, don kamar zargin iyalin ne, kamar an ce sun gaji da kai. Aka gwada kaya, aka gwada wahala, ba wadda ta zauna. Aka tashi aka bar ta zuwa mako mai zuwa.

A cikin makon, wata safiya tana zaune bakin ƙofa ta ga Maman Lawali ya ɗauki kwanon barkono zai hau. Ya kai hawa na farko ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya ɗan jima, bai san tana kallo ba. Mutum ne mai shekara sittin da shida. Ta tuna Wafa' ta ƙi aikin da aka yi mata tayi a Riyad ba ta faɗi dalili ba. Abin da ta ji a ƙirjinta a lokacin ba iska ba ce ta gaza, kuma ta san sunansa. Ranar Asabar ta ce musu kada a ce mutum ya zama nauyi, a ce yana jin nauyi. Malam Mahadi ya ce jin nauyi ya yi laushi, ana jin nauyin suruki ma. Suka yi ta juyawa su biyu har suka tsaya a kan wannan: "Nakan ga kamar na ɗora wa mutanen gida wahala, har ina jin nauyinsu." Aka mayar da ita Turanci aka aika, masu takardar suka ce ta yi.

Mataki na gaba shi ne marasa lafiya su amsa sabuwar takardar a gida sau biyu, mako biyu tsakani, a ga ko amsar mutum za ta tsaya in jikinsa bai canza ba. Wanda bai iya karatu ba wani ya karanta masa, amma mai karantawa ba zai yi sharhi ba, ba zai nuna komai a fuska ba. Wafa' ta ɗauki aikin. Ranar Juma'a bayan karin kumallo suka zauna a kan darduma, na'urar iska tana gurnaninta, Wafa' tana bin haruffan da yatsa. Hausar boko baƙuwa ce a idonta, takan ja wasu kalmomi ta maƙogwaro kamar Larabci, uwar tana cije leɓe don kada ta gyara.

Wannan karon Ikilima ba ta yi godiya ba. Nakan yi haki in na yi wanka, haka ne. Na daina zuwa biki da suna, haka ne. Nakan tashi jikina a mace, haka ne. Wafa' tana sa alama. Akwai abubuwan da ta sani, akwai waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da su ba ta taɓa ji ba. Da ta zo kan ta jin nauyi, ta karanta a hankali, ta ɗaga kai.

Uwar ta ce, "Haka ne."

Wafa' ta buɗe baki, uwar ta nuna mata takardar da haɓa, ta ce an ce ba sharhi. Yarinyar ta sa alamar, ta ƙarasa sauran tambayoyin, ta ninke takardar ta sa a ambulan. Sannan ta matso ta kwantar da kai a cinyar uwar kamar tana 'yar shekara biyar. Ta fara magana da Larabci, sai ta tsaya, ta sake da Hausa, kalma bayan kalma, ba ta haɗa da komai ba.

"Ummi, ni ban ƙi Riyad don ke ba kaɗai. Ni ce ba na iya cin abinci in ba ki kusa."

Maman Lawali yana bakin ƙofa tun ɗazu, da kwano a hannu, ya ji komai. Shi ba mutum ne mai irin wannan magana ba. Ya yi gyaran murya ya ce likitansa ya yaba masa a watan jiya, sukarinsa ya sauka, ya tambaye shi wane motsa jiki yake yi, ya ce hawa huɗu kullum da kwanon barkono. Ya ce in jin nauyi ne shi ya kamata ya ji, don shekara ashirin da shida tana hawa da kaya shi bai taɓa karɓar mata ko sau ɗaya ba. Ya faɗi haka yana kallon bango, sannan ya juya ya hau. Ikilima ta bi shi da ido, ta ɗaga murya iyakar yadda ƙirjinta ya bari ta ce ya huta a hawa na biyu.

Bayan mako biyu Wafa' ta sake karanta mata. Da suka zo kan ta jin nauyi, yarinyar ta yi jinkiri da alƙalami a kan ba haka ba ne. Uwar ta ce a'a, ta sa haka ne. Ta ce maganarsu ta yi mata daɗi, har yanzu tana jin daɗinta, amma nauyin bai tafi ba, raguwa ya yi, kuma ba ta sha wahalar gyara takardar nan don ta zo ta yi mata ƙarya ba.

Da aka tattara amsoshin mutum talatin da ɗaya, Daktora Ruba ta kira su ta nuna musu. Yanzu takardar da baranda suna faɗin abu ɗaya: wanda tafiyarsa ta gajarta, amsoshinsa sun nuna. Mata biyu an canza musu magani saboda abin da suka amsa, ɗaya an haɗa ta da mai ba da shawara don an gano ta daina fita daga ɗaki wata biyar. A rahoton da aka rubuta an sa sunan Ikilima a wurin godiya. Wafa' ta nuna mata layin, ta duba ta ce sunan nata gajere ne a boko.

Saura abu ɗaya. Da yawa cikin marasa lafiyar ba su karatu, kuma an ga ba kowa ke sakin jiki gaban ɗansa ko mijinta ba. Aka yanke a ɗauki tambayoyin a murya, mutum ya sa abin ji a kunne shi kaɗai ya danna kore ko ja. Malam Mahadi yana da murya mai kyau, kowa ya ɗauka shi zai yi. Shi ne ya ce a'a, Inna za ta yi. Ta ce ita da ba ta kai ƙarshen jimla sai ta tsaya. Ya ce za su jira ta.

Sun yi zama tara kafin su gama. Yakan karanta mata tambaya, ta maimaita a cikin na'ura, in numfashi ya yanke mata a tsakiya a sake. Mai haɗa sautin ya so ya goge hakin da ke tsakanin kalmomi, ya goge na tambayoyi goma na farko. Da aka gwada wa marasa lafiya biyar, huɗu suka ce sun fi son inda ake jin numfashin, don sun gane mai tambayar tasu ce. Aka mayar da shi yadda yake.

Yanzu shekararta hamsin da bakwai. An ƙara mata magani na uku bara, tafiyar baranda wani lokaci ta ƙaru wani lokaci ta ragu. A zuwanta na watan Rajab tana zaune a ɗakin jira tana gaya wa Wafa' ta gyara mata bututun hanci, sai wata mata da ke kujerar gaba ta juyo. Matashiya ce, ba ta wuce talatin da biyar ba, sabuwar zuwa, riƙe da ambulan ɗin gwaje-gwaje da hannu biyu. Ta ce sunanta Saudatu, daga Abeche a Chadi, wata biyu ke nan da aka faɗa mata sunan ciwonta. Ta ce yanzu ta fito daga ɗakin da ake sa abu a kunne, kuma ta rantse wannan muryar ce.

Ikilima ta ce ita ce. Saudatu ta kalli bututun, sannan ta tambaya shekara nawa ke nan.

"Shida. Kina da 'ya'ya?"

Saudatu ta ce biyu, ƙaramar ba ta shiga makaranta ba. Idonta ya cika. Ikilima ta janye jakarta daga kujerar da ke kusa, ta ce ta dawo nan ta zauna. Ta tambaye ta a hawa na nawa take, wa ke yi mata wanki, ko an gaya mata ta rage gishiri. Da aka kira sunan Ikilima ta ce wa ma'aikaciyar ta shigar da na bayanta, ita ba ta gama ba. Wafa' ta karɓi lambar wayar matar, ta rubuta mata kwatancen gidan a bayan ambulan ɗin, ta ce ranar Talata Ummi tana gida, kuma ɗakin a ƙasa yake.